Wilin Dama na Motar Baba

Babana direba ne. Idan ka kuskura ka ce masa "mai mota" sai ya gyara maka magana, ya ce mota kowa ma yana iya saya, tuƙi kuwa sai wanda ya iya. Tun kafin a haife ni yake jan akori-kura, yana kai wa kafintocin layinmu gadaje da kujeru gidajen masu saye. Mai Akori suke ce masa. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa goga motarsa a jikin komai ba. Lungun da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta shiga, Baba zai shige shi da baya, da kabad a ɗaure, ya fito fenti bai san an yi ba.

Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma na gado bakinsa, shi ya sa ba ma daɗewa ba mu taɓa ba.

Bara na je gida na tarar ya ɗaga motar a kan jak a tsakar gida, ya kwance wilin gaba na dama ya kwantar a kan tsohon bargo. Bakin wilin duk ya ɓarje kamar ɓera ya gurgure shi. Baba na zaune a kan kifaffen bokiti yana bin wurin da magagari.

"Baba, wa ya goga maka?" na tambaye shi.

"Masu gyaran titin nan ne, uwata," in ji shi. "Kullum ƙara wa dakalin gefen hanya faɗi suke yi."

Na yi dariya na zauna ina kallo. Aiki kam ya ba shi haƙƙinsa. Ya rage kaifin, ya bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi yana jiƙa ta da ruwa. Inda ƙarfen ya ɓantare ya cike da fila, ya jira ta bushe, ya sake gogewa. Ya rufe tayar da tsofaffin jaridu da salatif, ya fesa fenti ruwan azurfa sama-sama, ya dakata, ya ƙara. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne, da yatsa yake duba aikin, kansa a karkace gefe guda.

Zuwan da na sake yi, wilin nan dai ne a kan bargo. A zuwa na uku kuma wilin baya ne, shi ma na dama. Na hagu kuwa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Umma ta ja ni kicin ta rage murya, ta ce ta daɗe da daina ajiye masa kofi ta hannun dama, don sai ya kifar. Ta ce maƙwabcinmu ma ya kawo ƙorafi, wai ya tsaya dab da motar ta gefen dama yana gaisuwa Baba ya wuce shi.

Ni kuma Allah ya yi ni, in na tsorata faɗa nake yi. Na fito na tsaya a kansa.

"Baba, ba dakali ba ne. Idonka ne na dama."

Bai ɗago ba. "Miƙo mini ruwan nan."

"Ba zan miƙa ba. Kana ta goge tabo don kada mu gane. Yau siminti ka goga, amma a gefen titin nan mutane ke tsayawa."

Hannunsa ya tsaya. Can ya ce, "Na ji ki. Ki bar ni in gama aikina."

Na koma kicin ina huci, na ce wa Umma makullin zan ɗauke in ɓoye. Ta ce, "Ahir ɗinki. Da makullin nan ya ciyar da ku, ba za a sace masa shi kamar an raina shi ba."

A makon nan Baba ya kwance wilolin gaba ɗaya, har da lafiyayyun. Kafintoci suka yi ta aike, yana cewa mota na hutu. Fentin ɗaya ya zarara don ya matso da gwangwanin kusa, ya kankare shi tas ya faro daga farko. Samfefa ta cinye masa fatar yatsu, ya naɗe su da tsumma ya ci gaba. Ina zuwa ina gani, haushi kamar ya kashe ni. Na ce a raina wannan tsoho taurin kansa sai ya ja mana abin da za mu daɗe muna kuka.

Wata safiya ya aika a kira ni. Na tarar an wanke motar fes, wiloli sai sheƙi suke yi, shi kuma ya sa kayansa na fita. Ya miƙo mini makulli.

"Kai ni wurin likitan ido," in ji shi. "In ya ce da gyara, to. In ya ce babu, ki nemo mini direba mai hankali a ba shi ita. Na dai gyara ta ne don kada wani ya karɓe ta da tabona a jiki."

Duk tsiwar da na taho da ita ta gushe, kunya da tausayi suka rufe ni. Ya zagaya ya buɗe ƙofar fasinja, ya ɗan tsaya, sannan ya hau ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na tayar da mota muka fita. Har muka isa asibiti, duk kwanar da muka zo sai in ga ƙafarsa tana danna ƙasa, tana laluben birki.