Gaisuwar Ɗanmalam a Faifan Rhoda

Wanda ya shiga Sabon Gari yana neman Rhoda mai bidiyo ba zai sha wuya ba. Shagonta na bayan PZ, ɗan tsukuku tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da zaren ɗinki. Tun daga bakin layi za ka jiyo kiɗan bikin wasu yana tashi, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tashi. Ita ce a ciki, tabarau a goshi ta manta da shi, tana yi wa kwamfuta faɗa kamar da kunne aka haife ta.

'Yar Samaru ce. Mahaifinta ma'aikacin coci ne, shi ke share haraba, shi ke kaɗa ƙararrawa. Tana budurwa ta fara bin wani mai ɗaukar hoto tana riƙe masa fitila a wajen biki, zamanin da ake yayin kaset. Da mutumin ya tsufa ya koma ƙauyensu, sai ya bar mata kyamarar. Mutane suka yi ta surutu, wai mace da kyamara a kafaɗa tana kutsawa cikin maza. Rhoda ko a jikinta. Ta ɗauki aure, ta ɗauki suna, ta ɗauki taron zumuntar mata da walimar sauka. Ba a daɗe ba ma gidajen Musulmi suka fi kowa nemanta, don ita tana shiga har ƙuryar ɗakin amarya, inda namiji mai kyamara sai dai ya tsaya a zaure yana hamma.

A cikin wannan yawo ta gane abin da sababbin shiga ba su sani ba. Su a ganinsu bidiyon biki ado ne, sai su cika shi da furanni masu juyawa da tantabaru masu tashi. Mutanenmu kuwa ba don ado suke kallo ba. Zama suke yi su ga wa ya zo, wa bai zo ba, wa aka zaunar a gaba, wa aka bari a rana. Bidiyo shaida ne. Shi ya sa Rhoda takan yanke kujerar da ba kowa, ta yanke ƙarar janareto, amma ba ta yanke mutum. Ko tsohuwa ce ta shigo hoto tana suɗe yatsa, za ta bar ta, sai dai ta rage tsawon suɗar.

Yanzu yara sun koma filas ɗin da ake zura wa kwamfuta, da turawa ta waya. Manya dai har gobe faifai suke so, abin da za su riƙe a hannu, da hoton ango da amarya a bango, su ajiye a kabad kusa da tangaran. Bayan biki kuma sai an bi gidajen manyan dangi an miƙa wa kowa nasa, kamar yadda ake rabon goro. Saboda haka Rhoda ba ta rabu da tsohuwar kwamfutarta mai buga faifai ba, duk da dariyar da 'yan layinsu ke mata.

A kan faifan bikin Happiness ne kwamfutar ta so ta kunyata ta.

Happiness 'yar Malam Bernard ce, tsohon malamin firamare a Samaru. Bernard na da wa a Hanwa, ana ce masa Ɗanmalam, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Innarsu ta fara auren wani malami a cikin birni ta haifi Ɗanmalam, daga baya ta auri wani mai wa'azin coci ta haifi Bernard. Kowa ya tashi a addinin ubansa, kuma wannan bai taɓa hana su cin tuwo a kwano ɗaya ba. Abin da ya raba su faifai ne. Ranar jana'izar Inna, Ɗanmalam ya zo da jama'arsa suka zauna a gindin darbejiya a wajen coci har aka gama. Mai bidiyon da aka ɗauko, wani ne can ba Rhoda ba, bai san ko su waye ba, ya zaci masu shan inuwa ne. Faifai ya fito babu fuskar Ɗanmalam ko sau ɗaya, sai ka ce ɗa guda Inna ta haifa. Ɗanmalam ya ɗauka da gayya ne. Bernard ya ji zafin a ce zai iya yin haka, ya ƙi ba da haƙuri. Shekaru suka yi ta wucewa ba mai taka gidan wani.

Bikin Happiness ma Ɗanmalam bai zo ba. Amma 'yarsa Raihana, wadda ba ta taɓa daina zumunci da Happiness ba, ta lallaɓa shi ta ɗauke shi da waya yana sa wa amarya albarka. Da ya gama sai ya tambaya, yana kallon wani wuri, ko za a sa a faifan. Raihana ta ce za a sa.

“Anti Rhoda, don Allah ki sa mani shi a wuri mai kyau,” in ji Happiness ranar da ta kawo hoton. “Baba bai sani ba. So nake ya gani a faifan kawai. Ranar Asabar za mu raba, kuma gidan Baba na Hanwa za mu fara kaiwa.”

Rhoda ta gama haɗa aiki tsaf, ta sa gaisuwar bayan yanka kek, ta zura faifai ta danna. Koren layin nan da ke nuna tafiyar aiki ya kama hanya, ya wuce rabi, ya doshi ƙarshe. Sai manhajar ta ɓace ɓat daga fuskar kwamfuta, ba sallama. Faifan ya fito a lalace. Ta sake sa wani, ya bi ɗan'uwansa.

Ta fara da zargin faifan, don shi ne marar gata. Ta taka zuwa wajen Amaechi da ke sayar mata da su, ta zube masa lalatattun a kan kanta.

“Madam Rhoda, kaya na ba ya da matsala,” ya ce, hannu a ƙirji. “Wannan kwamfuta naki ya tsufa, ya girme baba na.”

Duk da haka ya canza mata da wasu. Ta dawo ta gwada, ba ta sake zani ba. Ta ce to ko zafi ne, ta kwance murfin kwamfutar, ta busa ƙurar ciki, ta juyo mata da fankar da ita kanta take sha. Ta rage gudun bugawa. Ta kwashe tsofaffin bukukuwa don a samu fili. Ta jira aka kawo wuta, ko janareto ne ke wasa da ƙarfin lantarki. Duk a banza. Layin nan sai ya zo wuri guda, manhajar ta tattara ta tafi.

Wurin nan guda shi ya tsaya mata a rai. Ta ɗauko faifan da ake gogewa a sake bugawa, ta raba bikin gida biyu. Rabin farko ya fita lafiya. Na biyu ya faɗi. Ta sake raba na biyun, ta yi ta rabawa tana warewa kamar mai neman ruɓaɓɓen tumatir a kwando, har ya rage saura guntu ɗaya. Gaisuwar Ɗanmalam ce.

Hoton ya sha hannu, daga waya zuwa waya, kuma a hanya wani abu ya karye a cikinsa. A wayar Happiness yana tafiya sumul, amma kwamfuta ba ta iya haɗiye shi. Ta gwada juya shi zuwa wani tsari, sai dattijon ya daskare da baki a buɗe, muryarsa na tafiya ita kaɗai. Ta kira Raihana ko na asalin na nan. Raihana ta ce ta goge, wayarta ta cika.

“To a sake ɗaukarsa mana.”

“Anti, ba ki san Baba ba ne. Sau ɗaya ya faɗa, shi ma da ƙyar. In na koma mashi zai ce dama ya san share shi za a yi.”

Amaechi, da ya leƙo jin yadda aka ƙare, ya ce ai abin da sauƙi: a cire guntun a buga, wa zai lura? Rhoda ta yi masa kallon da ya sa ya tuna ya bar shago ba kowa. Wa zai lura? Mutumin da aka taɓa sharewa daga jana'izar uwarsa, ya haɗiye fushinsa ya yi magana, a kai masa faifai har gida ya zauna gaban iyalinsa ya ga an sake share shi? Daga ranar 'yan'uwan nan sun rabu ke nan har kabari, kuma da hannunta.

Dabara ta zo mata da hantsi, tana cin ƙosai. Tunda hoton na tafiya a waya, ai sai a ɗauki wayar da kyamara. Ta karɓo wayar Happiness, ta jingina ta da gwangwanin madara, ta ɗauka. Ta buga gwaji, layi ya kai ƙarshe, faifai ya fito lafiya. Har ta ɗaga hannu za ta yi godiya, sai ta zauna ta kalla, murnar ta koma ciki. Ga dattijo mai furfura an jingine shi da gwangwani, can a tsakiyar duhu, kamar abin da aka tuna da shi bayan an gama. Mutum irin wannan ba jingine shi ake yi ba. Riƙe shi ake yi.

Ta rufe shago, ta saɓa kyamara, ta ja Happiness suka hau motar Samaru zuwa gidan Malam Bernard. Happiness ta so ta yi gardama, wai za a ɓata mata shiri.

“Ke dai ki yi shiru,” in ji Rhoda. “Na fi ki daɗewa a biki.”

Suka tarar da Malam Bernard a tsakar gida yana gyara kejin kaji. Rhoda ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba, hannunku na zo aro. Ku zauna a inuwar nan ku riƙe mani wayar nan, kar ku motsa. Aiki ne ya ƙi fita.”

Ya wanke hannu ya zauna yana mita, wai yaran zamani komai sai sun wahalar da tsoho. Rhoda ta tsaya ta bayan kafaɗarsa, ta saita kyamara yadda za a ga wayar, a ga hannun, a ga gefen fuskarsa. Happiness ta danna.

“Happiness, 'yata,” in ji muryar Ɗanmalam, “Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka. Ki riƙe mijinki da mutunci.” Ya gyara hula. “Ki gaida ubanki. Ki ce mashi ya yi ƙoƙari. Ya riƙe gidan Inna.”

Wayar ta fara rawa. Rhoda, wadda ko ango ya girgiza a gabanta sai ta daka masa tsawa, ci gaba da ɗauka kawai ta yi. Bernard ya kawo ɗaya hannun ya tallafe wayar da hannu biyu. Hoton ya ƙare, fuskar ta tsaya cak, shi kuwa bai sauke ba.

“Amin, Yaya,” ya ce. “Amin.”

Sai da ya share fuska da gefen riga sannan Rhoda ta kashe kyamara. Ta gaya masa gaskiya, cewa duk ta ɗauka, kuma in ya ce a cire nasa a bar wayar kawai, za ta san yadda za ta yi. Ya daɗe yana kallon kajinsa.

“Bar shi yadda yake,” ya ce.

Washegari faifai suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Rhoda ta shafa mata kai ta ce ta yafe mata.

Ranar Asabar ta bi amarya da ango zuwa Hanwa, wai don kar faifan ya ƙi tashi a na'urar gidan. Ƙarya take, so take ta gani da idonta. Ɗanmalam ya karɓe su a falo ba yabo ba fallasa, ya sa Raihana ta kunna. Bai ce a tura gaba ba. Ya kalli shigowar amarya, ya kalli wa'azi, ya kalli rawa, yana bin fuskoki ɗaya ɗaya. Rhoda na zaune a bakin ƙofa.

Aka yanka kek. Sai ga tsakar gidan Samaru, ga hannun ƙaninsa, ga shi kansa a cikin hannun. Ya bi hoton da ido har aka zo wurin amin.

“Mayar baya,” ya ce wa Raihana.

Aka mayar. Ya sake kallo, ya matso gaba a kujera. Sannan ya juyo ya nemi Rhoda da ido.

“Ke ce mai aikin? Wa ya sa shi ya riƙe ni?”

“Ni ce, Baba. Amma amin ɗin nashi ne, ban sa shi ba.”

Dattijon ya sunkuyar da kai. Rhoda ta ɗauki bukukuwan da ba za ta iya lissafawa ba, ta ga manyan mutane sun yaba aikinta, amma ba ta taɓa jin alfahari da sana'arta kamar na wannan zama a bakin ƙofa ba. Ɗanmalam ya miƙe, ya ce Raihana ta kawo masa babbar riga da takalmi, ya tambayi ango ko motarsa za ta ɗauke su duka zuwa Samaru. Har ya kai ƙofa sai ya tsaya a kan Rhoda.

“Kin zo da kyamarar taki?”

“Tana jaka, Baba.”

“To ɗauko ta ki shige gaba. Kar gobe a ce ban je ba.”