Muryar Baba Ladan

Jama'a, yau saura ƙiris in sa dattijo ya daina kiran salla!

Kun tuna 'yar na'urar ƙara ƙarfin makirufo da na haɗa wa masallacinmu na Kurfi? Shekaranjiya na ƙara mata filta don ta yanke gurnanin janareto. Gurnani ya ɓace, na koma Dutsin-Ma ina jin kaina injiniya.

Yau bayan azahar sai ga wayar liman: "Malam Isa, zo maza! Baba Ladan ya ce ya bari."

Na hau babur. Na tarar da Baba a gindin bishiyar bedi, ido ya ciko.

Ya ce, "Ɗana, tsufa ya zo. A lasifika muryata kamar ta sauro. Kwana biyu ina shan zuma da citta, a banza."

Nan take na tuna da filtar nan! Na buɗe na'urar. Ashe kafasitan da na liƙa a filtar, ɗan abin da ke tace sauti, ya yi ƙanƙanta! Ya yanke gurnani, ya haɗa da kaurin muryar Baba.

Na canja shi. La'asar ta yi, Baba ya ja "Allahu Akbar", har kwanon masallaci yana amsawa!

Da ya gama sai ya kama hannuna ya ce, "Ashe da saurana?"

Wallahi kasa kallonsa na yi.