Firmin Lecat da Simintin da Ya Shafa da Hannunsa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, bakwai na safe ba ta cika sai Firmin Lecat yana bakin aiki a nan Roubaix ta ƙasar Faransa, butar kofi a hammata, cokalin gini a aljihun baya. Ba ya aza tsohon bulo sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙara garau ya koma bango, wanda ya yi dum a ajiye shi gefe. Juma'ar nan zai ajiye aiki, don haka ya kamata a ji abin da ya yi a tsohuwar masaƙar ulu da ake mayarwa gidajen zama.

Bara da sanyi bututun hayaƙin masaƙar ya tsage. Tsayinsa mita arba'in, ga gidajen mutane a ƙarƙashinsa. Aka tare titi. Injiniyar aikin, Solène Dhalluin, ta ce ranar Litinin za a rushe shi.

"Baba Firmin, daina kallona haka. In ya faɗo kan wani, ni za a kama."

"Cikinsa lafiya lau, 'yata. Fatar ce ta lalace."

"Au, likitan bututu ka zama?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya, ban da shi. Mahaifiyarsa ta ƙare ƙuruciyarta tana saƙa a gindin bututun nan, kuma akwai abin da shi kaɗai ya sani.

"Da farar ƙasa aka gina shi, ita ke barin bango ya sha iska. Wani ya zo ya liƙe shi da siminti, ruwa ya rasa hanyar fita, sanyi ya daskarar da shi ya fasa bulon waje." Ya cire hula. "Ni ne wannan wanin. Ina ɗan ashirin da biyar, ina sauri."

Solène ta ce su hau ta gani da idonta.

Aka ɗaga su biyu a kejin ƙarfe, iska na kaɗa shi har yana gogar bango. Solène ta ƙanƙame ƙarfen, ta ce, "Tsoho, in muka faɗo ba zan yafe maka ba."

Ya sa guduma ya ɓamɓare simintin, ya zaro fasasshen bulo, ya miƙa mata cokalin. "Ke da kanki za ki buga na cikin."

In ya yi dum, bututu ya tafi, sunan Firmin ya bi shi. Ta buga. Garau. Ta yi alama a ƙara sama. Wuri goma sha huɗu ta gwada kafin ta ce a sauke su, a ɗaure bututun da ƙarfe, a bar titi a rufe, a fasa rushewa.

Baba Firmin, kai ne ka yi wata bakwai a sama, ruwa na dukanka, kana cire simintinka layi-layi kana mayar da farar ƙasa. Magini mai kunne. Da ka yi shiru, da an rushe shi, ka tafi da sunanka fes, ba wanda zai taɓa sani.

Mun gode. Mu da muka rage a bakin aiki, duk wanda ya san inda ya ɓata, ya buɗe baki tun ginin yana tsaye.