Bara'atu da Ranar Suna a Moriki

Ƙanwata Bara'atu tun tana ƙarama ba ta bar rediyon Baba ya zauna lafiya ba, sai ta kwance shi ta ga cikinsa. Ta sha duka a kan haka, bai hana ta ba. Yanzu ga ta ma'aikaciyar wani kamfanin kwamfuta na Abuja, amma daga ɗakinta a Kaura Namoda take aiki. Duk mai tafiya Shinkafi ko Zurmi a danginmu sai ya biya ta wajenta. Ita ce za ta ce ka fita da hantsi, ka tambayi direbobi labarin hanya a tasha, ka riƙe layin waya biyu, don inda ɗaya ya mutu ɗayan yana numfashi.

Bara kamfaninsu ya tashi sauya tsarin da ma'aikata ke aiki da shi, daga tsoho zuwa sabo. Aka ɗora mata kwashe bayanan reshensu, karon farko da aka ba ta babban aiki ita kaɗai. In ta kasa, sai a miƙa wa wani, kuma wa ya san ranar da za a sake tuna ta?

Sai matar yayanmu Sagir ta haihu a Moriki, sunan ya faɗo daidai ranar sauyin. Kuma sunan Bara'atu za a raɗa wa jaririyar.

Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Takwara guda ba ta zo suna ba? Mi za ni ce ma mutane?"

Ni dai na ce ta yi zamanta a Kaura, har muka yi cacar baki. Bara'atu ta saɓa jakar kwamfutarta ta shiga mota.

A gidan Sagir babu sabis ko'ina sai a gindin rumbu, kuma nan mata suka kafa turame suna dakan fura. Nan ta shimfiɗa tabarma, ta jona kwamfuta da waya, ta shiga taron kamfani. Rana ta haske fuskar kwamfutar, ba ta ganin rubutu. Ga lugude kamar za a fasa turmi. Shugabanta ya ce ba ya jin ta, ko a ba wani aikin? Na ga idonta ya ciko.

Inna ce ta ajiye ƙwarya ta taso. "Ku aje taɓaren nan! Ɗiyata aiki takai."

Mata suka yi cirko-cirko. Inna ta cire mayafinta ta ware shi a kan Bara'atu ya zama inuwa. Tsohuwa mai ciwon kafaɗa, na ce ta kawo in karɓe ta, ta harare ni. Gidan suna ya yi tsit, furar baƙi tana jira, ba wanda ya yi ƙorafi.

Can Bara'atu ta ɗago ta ce, "Inna, ya shiga. An gama."

Gwaggo Mero ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Bara'atu ba ta kashe makirufon kwamfutar ba, guɗar ta tafi har Abuja. Shugaban ya tambaya ko lafiya.

Ta share ido ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Iyayena ne."