Babur Ɗina Ya Yi Sakayau a Hanyar Kebbe

A ƙarshen zamanin Turawa, kafin a ba mu mulkin kai, ni malamin dabbobi ne a Tambuwal, saurayi mai ji da kansa, aikina bin rugage ina yi wa shanu allura har ƙasar Kebbe. Maraya ne ni. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya rene ni ya sa ni makaranta. Dattijo ne manomi mai 'yan shanunsa, ba ya ɗaga murya, kuma ya gwammace ya sha wuya da a gan shi cikin abin da zai zubar masa da girma. Da Baturen da ke duba aikinmu zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini tsohon babur ɗinsa. Masu babur a lokacin ba su da yawa, don haka kaina ya kumbura har ya fi ƙarfin hulata.

Abin da ya fara ɓata ni wani malamin gona ne da ya zo da sabon babur. Wata ran kasuwa muka tashi tare, kafin nawa ya gama kakari ya ɗauki hanya, shi har ya ɓace. Wani mahauci ya ce wai ba babur Bature ya bar mini ba, jaki ne mai tari, kasuwa ta ɗauki dariya. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na je Sakkwato sai na kai kukana wurin wani makanike, ya ce abu uku ke hana babur zabura: nauyin da yake ja, iskar da yake tsagawa, da yadda injin ke numfashi. Ya goge kan injin, ya buɗa ramin mai a kafireto, ya zare duk abin da ke cikin salansa don hayaƙi ya fita ba tangarɗa. Maganar nauyi da iska kuwa ya ce wannan aikina ne.

Ni ko na yi aikin har na wuce gona da iri. Na cire akwatin kayan gyara, na cire madigadi mai tare taɓo, na kwance kariyar baya ta ɗora kaya tare da ƙarfen da mai zama ke riƙewa. Madubi ma na cire shi, wai yana tare iska. Na daina sa babbar riga, sai 'yar shara ɗamammiya, in kwanta bisa tanki kamar ƙadangare a kan katanga. Kuma gaskiya abin ya yi. Ina murɗa totur sai babur ya zabura kamar dokin da aka sa wa ƙaimi. Ƙararsa kuwa sai ta watsa garke, ni da ke kansa ba na jin komai a duniya sai ita, kuma a lokacin daɗin haka nake ji.

Wata rana da hantsi, ƙarshen damina, gero ya fi mutum tsawo, aka aiko daga Kebbe cewa aminin kawu na ƙuruciya yana kan gargara, sunan kawu kawai yake kira. Kawu bai taɓa hawa babur ɗin ba, amma ranar da ƙafarsa ya zo ya ce in kai shi, yana so ya same shi da rai su yafi juna. Na naɗe gwado na ɗaure a baya. Na roƙe shi ya tattare babbar rigarsa ya danne, ya riƙe ƙuguna, ya sunkuya a bayana don kada iska ta kama shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Yaro, ni ka riƙon ƙugunka gaban jama'a? In duƙa bayanka awa ɓarawon akuya? Kai ka tuƙi, ni ka zama, kowa shi yi aiki nai.” Kunya ta hana ni nanatawa. Kariyar da ƙarfenta suna nan a zaure, mayar da su ba wani aiki ba ne, amma na ce a raina lokaci ya ƙure. Gaskiyar ita ce ban so a ga babur ɗina ya koma jaki ba.

Muka kama hanya, shi zaune ƙyam, hannuwansa bisa gwiwa. Babur ya yi nauyi, rigarsa ta cika da iska tana jan mu baya, ni kuwa haushi na cina. Rana ta take tsaka, babu kowa a hanya, gero ya rufe dama da hagu. Muka gangara wani kwazazzabo mai yashi, da za mu haura na murɗa totur iyakar ƙarfina. Na ji an ɗan yi girgiza, sai kawai babur ya yi sakayau, ya harba irin harbin da ban taɓa ji ba. Na ɗauka kawu ne ya haƙura ya sunkuya kamar yadda na ce. Farin ciki ya kama ni, har na ɗaga murya ina yaba masa, ina cewa ai ga shi ya ga amfanin maganata. Abin da har gobe ke tayar mini da tsikar jiki shi ne, wallahi tun daga nan har Kebbe ina jin ɗumin mutum a bayana.

Da na tsaya ƙofar gidan marar lafiya, mutanen da ke zaune suka miƙe. Ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo. Wani tsoho ya tambaye ni ina kawun nawa, na ce ai ga shi nan, na waiwaya. Gwado ne kawai. Na kashe inji, garin ya yi tsit. Da muka koma kwazazzabon ni da wasu mutanen gidan, muka tarar wasu makiyaya sun ɗauke kawu sun kwantar ƙarƙashin wata kaɗanya, ƙeyarsa ta bugi dutse. Ɗayansu ya ce a kan idonsa rigar ta kumbura ta ɗebe shi, kuma yana ƙasa yana ta kirana har na ɓace. Na durƙusa ina kuka. Kawu ya buɗe ido, bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ko amininsa yana da rai. Kafin la'asar ta yi sanyi ya cika. Aminin ma bai kai magariba ba, kuma ba su ga juna ba.

Dangi suka ce ƙaddara ce, ba wanda ya ɗora mini laifi, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Na mayar da duk abin da na cire. Amma duk ranar da aiki ya bi da ni kwazazzabon nan, ni kaɗai, sai in ji bayan babur ya nutse, injin ya kama nishi kamar an hau, ba zai saki ba sai ƙofar gidan nan na Kebbe. Makanike ya ce yashi ne. Wani malami ya ce zuciyata ce, in yawaita yi masa addu'a. Ni dai ban taɓa iya waiwayawa ba, a ƙarshe na roƙa aka sauya mini wurin aiki, na rabu da babur har yau.

Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na san hannun da ya kwance ƙarfen nan. Yanzu na tsufa, ina ganin samari suna huda salansa, suna cire madubi, suna ɗaukar iyayen wasu suna tsere da su. 'Ya'yana, duk abin da ke jikin babur akwai dalilin sa shi, kuma da na sani ƙeya ce. Idan dattijo ya ƙi riƙe ku, kada kunya ta rufe muku baki, ku tafi da shi a hankali. In kuwa kuna tafe da mutum kuka ji babur ya yi muku sauƙi farat ɗaya, kada ku yi murna. Ku taka burki, ku waiwaya.