Inna Ta Ƙi Hawa Bene

Shekarar da Inna za ta aikin Hajji, mun rako ta Kano daga Ƙafin Maiyaki, sai aka ce tashin jirgi sai gobe. Muka kama wani masauki mai araha kusa da filin jirgi. Mai wurin ya ba ta ɗakin sama, ya sa Baffa, yayan mahaifina, a na ƙasa. Inna ta ce atafau ba ta kwana a saman yayan mijinta.

Ya yi mata dariyar da har yau take ci min rai. "Haba Hajiya, gobe ai ta kan kowa jirgi zai bi da ke."

Ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, ta ce, "Can Allah ne ya kira ni. Benenka wa ya kira ni?"