Lagireto a Gaba ko a Sama

Wani dattijo na tsaye a shagon Mu'ayyad mai gyaran kwamfuta, nan Basra, ana tsananin zafi. Faratansa baƙi ƙirin. Ina jin bakanike ne. An buɗe akwatin kwamfutar da ya kawo, yana lasar yatsa yana kai shi bakin kowace fanka, ya ji inda iska take bi.

"Lagireton sanyaya ta a gaba yake zama, ɗana, kamar a mota."

"Baba, ai ba tasi ba ce," in ji Mu'ayyad. "Sama za mu kai shi, zafi ya fita."

Dattijon ko murmushi bai yi ba.

"Sa shi duk inda ba za ta ƙara mutuwa ba. Tun da 'yata ta rasa ƙafafu, ta kwamfutar nan kaɗai take leƙa duniya."